Kimiyyar bayanai a ƙananan kwalejojin Amurka: me ya sa aka koma koyarwa irin ta gareji?

Bari in fara kawar da ruɗani ɗaya don na san halinmu, datar da ake magana a nan ba wacce muke siya a waya ba ce, giga ɗaya giga biyu. Bayanai ake nufi waɗanda aka tara, kamar rajistar marasa lafiya a asibiti, farashin masara duk ranar kasuwa, yawan ruwan saman da ya sauka, sakamakon jarrabawa, duk dai abin da za a iya jerawa layi-layi a tebur. Kimiyyar bayanai kuma, wacce 'yan boko ke ce wa data sayans, ita ce sana'ar zama da irin wannan tarkacen ka tankaɗe ka rairaye har ya ba ka amsar wata tambaya. Abu uku take haɗawa, ƙididdiga, rubuta kod a kwamfuta, sai sanin fannin da bayanan suka fito, wanda shi ne aka fi mantawa da shi alhali in babu shi sauran biyun shirme za su haifa maka.

To a Amurka sana'ar nan tana kawo kuɗi sosai, kuma shekara da shekaru waɗanda ke shigarta mutanen manyan jami'o'i ne irin su Stanford da MIT da Berkeley. Mu daga nesa muna ɗauka duk makarantar Amurka aljanna ce, ba haka ba ne. Akwai kwalejojin unguwa masu karatun shekara biyu, sun kai kusan 1,000, nan ne talaka ke zuwa, da uwa mai goyo, da wanda ke aikin dare a shago ya zo aji da safe idonsa ja. Akwai jami'o'in da aka kafa wa baƙaƙen fata tun zamanin da ba a barinsu shiga na fararen, su ma kusan 100 ne, irin su Howard a Washinton da Spelman da Morehouse a Atlanta. Sai kwalejojin 'yan asalin ƙasar, wato jajayen Indiyawa kamar yadda muka saba ce musu, guda talatin da ɗoriya, ta farkonsu ita ce Diné ta ƙabilar Navajo da aka kafa a 1968. In aka ce makarantun da aka bari a baya waɗannan ake nufi, kuma ba zargi ba ne kawai, a Satumbar 2023 ministan ilimi da na noma na Amurka da kansu sun rubuta wa gwamnoni 16 takarda cewa a cikin shekaru talatin da wani abu an tauye wa wasu jami'o'in baƙaƙen fata na jihohinsu sama da dala biliyan 12 idan aka gwada da abin da aka bai wa takwarorinsu na farare. Jami'ar jihar Tenesi da ke Nashbil ita kaɗai ta biyo bashin sama da biliyan 2.

Amma ni a ganina ba kuɗi ne kaɗai ya toshe ƙofar ba, har da yadda aka jera karatun. A tsohon tsari sai ka ci aljebra, ka ci kalkulas na ɗaya da na biyu, ka ci lissafin yiwuwar faruwar abu, ka ci kwas ɗin kodin, shekara biyu kenan ko uku, sannan a ƙarshe a ce to ga bayanai na gaske taɓa ka gani. Ɗan masu hali da ya fito daga sakandare mai kyau zai jure. Wanda ya zo kwalejin unguwa kuwa aka yi masa gwaji aka ce lissafinsa bai kai ba, sai a tura shi ajin gyara wanda ba ya ƙara masa maki ko ɗaya a digiri amma yana biyan kuɗinsa, zango ɗaya, biyu, wani har uku, yawanci a nan suke gajiya su tafi kuma ba su taɓa ganin mene ne ma ake wahalar dominsa ba. Abin ya yi yawa har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2017, AB 705, wacce ta matsa wa kwalejojinta su rage tura ɗalibai wannan ramin.

Koyarwa ta hanyar aiki juya wannan jerin take yi. Ka duba yaron bakanike a gareji, ai ba a zaunar da shi shekara uku ana karanta masa yadda fetur ke ƙonewa a cikin inji, ranar farko oga zai ce miƙo sifana mai lamba goma sha biyu, ya miƙo ba daidai ba a yi masa tsawa, bayan wata shida yana kwance kafireta, bayanin yana zuwa ne daidai lokacin da hannunsa ke cikin baƙin mai. Haka ake so a yi da ɗalibin. A ba shi tambaya ta gaske da bayanai na gaske tun makon farko, in ya cije sai a koya masa lissafin da zai fitar da shi.

Wanda ya fi shahara a wannan salon shi ne kwas ɗin Data 8 na jami'ar Kalifoniya a Berkeley. An fara shi a 2015 da ɗalibai wajen 100, malaman da suka tsara shi su ne Ani Adhikari da John DeNero da David Wagner, bayan 'yan shekaru kaɗan sai ga sama da mutum 1,000 a zango ɗaya. Ba a neman ka taɓa kodin, ba a neman kalkulas, lissafin sakandare ya isa. Kuma bari in ba ku misali ɗaya daga cikin darussan don ku gane abin da nake nufi, don gani ya kori ji.

A farkon shekarun 1960 an yanke wa wani matashi baƙar fata, Robert Swain, hukuncin kisa a gundumar Talladega ta jihar Alabama. A can mutanen gari ake zaɓowa su zauna su saurari shari'a su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba, juri kenan, kuma ya kamata a ce zaɓen kamar ƙuri'a ne, kowa na iya faɗowa. Kashi 26 cikin 100 na mazan da suka cancanta a gundumar baƙaƙe ne, amma cikin mutum 100 da aka kira, 8 ne kawai baƙaƙe, kuma ko ɗaya a cikinsu bai zauna a shari'ar ba. Magana ta je har kotun ƙoli, a 1965 kotun ta ce bambancin ba wani mai yawa ba ne. To sai a ce wa ɗalibi, kai gwada mana. Ka sa kwamfuta ta yi kamar tana zaro mutum 100 ido rufe daga garin da kashi 26 baƙaƙe ne, ta ƙirga baƙaƙe nawa suka fito, ta sake, ta sake, har sau 10,000, layin kod bai fi biyar ba. Sai ya zana sakamakon ya ga yawanci tsakanin 17 ne da 35, ya leƙa wajen 8 ya ga wayam, kusan ba ta taɓa faruwa. Yaron da bai san sunan ko dabara ɗaya ta ƙididdiga ba ya gano da hannunsa cewa ba sa'a ce ta kawo 8 ɗin nan ba. Daga baya malam zai ce masa abin nan da ka yi sunansa kaza, ga kuma lissafin da ke ƙarƙashinsa. Yanzu ka ɗauko wannan darasin ka kai shi aji a Alabama ko Atlanta inda kakannin ɗaliban suka rayu a ƙarƙashin irin waɗannan kotunan, ka ga ko akwai mai gyangyaɗi.

Abu na biyu da suka yi wanda ba a cika yabawa ba shi ne maganar na'ura. Duk wanda ya taɓa koyar da Python, wani yaren rubuta kod, ya san makon farko yana ƙarewa ne a wajen saka manhaja, wannan laftof ɗinsa tsohuwa ce, wancan nasa ya ƙi, wata ma ba ta da shi sam. Sai suka yi amfani da Jupyter, wani littafin aiki da ake buɗewa a burauza, ka rubuta kod ka ga sakamako nan take a ƙasansa, aikin kuma yana gudana ne a wata babbar na'ura can nesa ba a kan taka ba. Fernando Pérez, ɗan Kolombiya da ke koyarwa a Berkeley ɗin, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Littafin kwas ɗin da atisayen duk an sake su kyauta a intanet, shi ya sa kwalejojin unguwa da dama a Kalifoniya, inda suke da 116, da wasu jihohin suka ɗauka suka gyara daidai da ɗalibansu.

Sai dai Data 8 aji ne har yanzu, bayanan an ɗan share su kafin a kawo. Waɗanda suka kai abin gareji na sosai su ne mutanen jami'ar Purdue a jihar Indiyana, da shirinsu The Data Mine da Farfesa Mark Daniel Ward ya fara a 2018. A can ɗalibai daga kowane fanni, noma, harhaɗa magunguna, injiniya, har masu karatun zamantakewa, da yawansu suna kwana a hostel ɗaya, duk mako a ba su ƙaramin aiki a yarukan kod irin su R ko Python ko SQL, ba dogon lakca. Sannan akwai ɓangaren kamfanoni, inda kamfani irin Cummins mai ƙera injin dizal ko John Deere mai taraktoci zai kawo matsalarsa ta gaske da bayanansa, a haɗa ɗalibai rukuni su yi shekarar karatu guda suna kanta, duk mako suna ganawa da ma'aikacin kamfanin, ƙarshen shekara su tsaya su yi bayanin abin da suka samo. Purdue ba ƙaramar makaranta ba ce, amma daga baya sun haɗa kai da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka, da kuɗin hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya, suka buɗe tsarin ga ɗaliban makarantun nan da aka bari a baya ta intanet, har da ɗan alawus. Ku riƙe maganar alawus ɗin nan, zan dawo kanta.

Ita NSF tana da wani shiri mai suna Data Science Corps da ta fara ba da kuɗinsa a 2019, manufar ita ce a haɗa ɗalibai, musamman na irin waɗannan makarantun, da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin al'umma masu tarin bayanai amma ba su da mai duba musu. A shekarar ce kuma makarantun baƙaƙen fata na Atlanta suka haɗu suka buɗe cibiyarsu ta kimiyyar bayanai da dala miliyan 8.25 daga kamfanin UnitedHealth. Akwai ma gajeren salo, DataFest, wanda ya faro a UCLA, jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, a 2011, a tara ɗalibai awa 48 a jibge musu bayanan da ba su taɓa gani ba, na farkon ma rajistar kamen 'yan sandan Los Anjeles ce.

Me ya sa ake nacewa sai bayanai na gaske? Saboda na gaske ƙazamai ne wallahi. Suna ɗaya an rubuta shi kala huɗu, kwanan wata wani ya fara da rana wani da wata, gurbi babu komai ba ka sani ba sifili ne ko mantawa aka yi. Duk mai wannan aikin zai gaya maka wankin bayanan ya fi cin lokaci a kan lissafin. Ku ɗauki garin Flint na jihar Mishigan, inda a 2014 aka sauya wa mutane ruwan famfo zuwa na kogi, ruwan ya ci tsofaffin bututu, gubar dalma ta shiga gidaje, mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Da aka zo canza bututun sai aka tarar hukuma ba ta ma san wane gida ne ke da na dalma ba, bayanan suna kan dubban katuna da aka rubuta da hannu da tsofaffin taswirori, wasu ma ba daidai ba. Malamai biyu na jami'ar Mishigan, Jacob Abernethy da Eric Schwartz, da ɗalibansu suka haɗa shekarar gina gida da darajarsa da unguwarsa suka gina tsarin da ke hasashen inda ya kamata a haƙa, kuma a 2017 kusan kashi 70 na ramukan da aka haƙa an samu abin da ake nema. A 2018 aka ajiye tsarin aka koma haƙa layi-layi, sai adadin ya faɗo wajen kashi 15. Dalilin ajiyewar ma darasi ne, mutane suna ganin an haƙa wa maƙwabci an tsallake su, suna zuwa wa 'yan siyasa da ƙorafi, kuma wa zai ga laifinsu bayan an riga an yi musu ƙarya a kan ruwan? Babu littafin da zai koya maka yadda za ka tsaya gaban uwar da ke tsoron ruwan gidanta ka ce mata kwamfuta ta ce gidanki ba ya cikin na gaba.

A nan ne kuma ɗalibin ƙaramar kwaleji yake da abin da ɗan Stanford ba shi da shi, ɗan unguwar ne. Ya san dalilin da ya sa layin kaza ba sa amsa tambayar jami'an gwamnati. Kuma rashin irinsu a ɗakin da ake gina waɗannan abubuwan yana da farashi, a 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Gana, tare da Timnit Gebru sun gwada manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni suka ga kuskurensu a kan maza masu hasken fata bai kai kashi 1 ba, a kan mata masu duhun fata kuwa har ya haura kashi 34.

Kwalejojin 'yan asalin ƙasa su kuma tasu matsalar daban ce. Ban da ƙarancin intanet, don a yankin Navajo har yau akwai gidajen da ba wuta ba ruwan famfo, akwai tambayar bayanan na waye. Ƙabilar Havasupai sun ba da jininsu wajen 1990 don a binciki ciwon suga, daga baya suka gano an yi amfani da shi a binciken taɓin hankali da na asalinsu ba da saninsu ba, sai a 2010 jami'ar jihar Arizona ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jinin. Don haka malamin da zai ce wa ɗalibai ku je ku tattaro bayanan ƙauyenku ku ɗora a intanet kowa ya gani, zai iya tarar da dattawa sun ce a'a, kuma suna da hujja.

To duk wannan ya yi daɗin ji, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwai masu suka, kuma ba 'yan hassada ba ne. Babbar fargabarsu ita ce kada a ce an buɗe wa talaka ƙofa ashe ta baya ce, wato a ba 'ya'yan masu kuɗi aljebra da kalkulas, a ba 'ya'yan baƙaƙe da 'yan Latin wani kwas mai sauƙi mai suna data sayans, su iya zana jadawali mai kyau amma ranar da suka nemi shiga injiniya ko ainihin ƙirƙirarriyar basira a ce ba su da tushe. An yi wannan rigimar sosai a Kalifoniya a kan kwasa-kwasan sakandare, Jelani Nelson, farfesan kwamfuta a Berkeley, baƙar fata ne kuma shi ya kafa shirin koyar da kodin na AddisCoder a Habasha, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, kuma a 2023 kwamitin shiga jami'ar Kalifoniya ya janye amincewar da ya yi cewa irin waɗannan kwasa-kwasan za su iya maye gurbin aljebra ta biyu. Ni dai ina ganin suna da gaskiya a nan. Aikin an yi shi ne ya sa ka ji yunwar lissafin, ba ya ƙosar da kai ba. Yaron garejin da ya tsaya a canza fulogi bai taɓa koyon wayarin ba, ranar da aka kawo mota mai kwamfuta sai dai ya koma gefe yana kallo.

Sai maganar mutane, wacce ita ce mafi tsada. Manhaja kyauta ce, littafi kyauta ne, amma lakca ɗaya malami ɗaya zai yi wa mutum 200, aikin rukuni kuwa duk mutum biyar ko shida suna buƙatar wanda zai zauna da su duk mako ya ga inda suka maƙale. A Berkeley da Purdue akwai rundunar manyan ɗalibai da ake biya su yi wannan. A kwalejin shekara biyu fa? Wanda ya iya ya riga ya gama ya tafi. Malamin kuma aji biyar yake ɗauka a zango, da yawansu ma na wucin gadi ne suna yawo tsakanin makarantu biyu ko uku, shi kansa lissafi ya karanta shekaru ashirin da suka wuce bai taɓa rubuta Python ba, wanda ya iya ɗin kuma kamfani na jiransa da albashi ninki biyu. Sannan wa zai je ya nemo kamfanin, ya lallashe su su saki bayanansu, a sa hannu a takardar sirri, ya bi su in sun daina zuwa mitin a tsakiyar zango? Aiki ne na mutum guda cur.

Ga kuma lokacin ɗalibin, nan alawus ɗin ya shigo. Yawancin 'yan kwalejin unguwa suna aiki, duk awar da suka ba furojet awa ce da ba a biya su ba a wurin aiki. In ka ce aikin sa kai ne, to ka sake tace mutane, masu hali ne kawai za su zauna, an gudu ba a tsira ba kenan. Shi ya sa shirye-shiryen da suka san abin da suke yi ko dai su biya ɗalibin ko su sa aikin ya zama kwas mai maki a cikin digirinsa.

Kuma in na ce furojet kada hankalinku ya tafi kan namu na shekarar ƙarshe, babi ɗaya zuwa biyar, a je shagon kwamfuta a canza sunan ƙaramar hukuma a buga a yi masa bango. Wancan ba wanda ke jiran amsarsa. Wannan kuwa akwai mai jira, in ka kawo shirme zai ce maka bai yi ba. Mafi kusa da shi a wajenmu shi ne irin abin da matasan ƙungiyoyin HausaNLP da Arewa Data Science Academy suke yi, misali aikin NaijaSenti na 2022 da Shamsuddeen Hassan Muhammad na jami'ar Bayero ya jagoranta, inda aka zauna aka bi dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Burokin ɗaya bayan ɗaya ana tantance wanne yabo ne wanne suka ne. Darussan Data 8 ɗin ma duk mai data a waya, wannan karon ta MTN ɗin nake nufi, zai iya buɗe su daga Kano ko Maraɗi.

A can Amurka kuwa yawancin shirye-shiryen nan a kan tallafin shekara uku ko biyar suke tsaye, ranar da kuɗin ya ƙare alawus ya tsaya, mai nemo kamfanoni ya nemi wani aikin, na'urar da ɗalibai ke shiga ta burauza ma haya ake biya mata duk wata. Babbar jami'a za ta iya cusa abin cikin kasafinta, ƙaramar kwalejin da tun asali aka tauye fa da me? A 2025 ma ba a jira wa'adin ya cika ba, bayan dawowar gwamnatin Trump hukumar NSF ta soke tallafi sama da 1,000 da ta riga ta bayar, kuma kaso mai yawa a cikinsu na ɓangaren ilimi ne da na jawo waɗanda aka bari a baya cikin kimiyya, wasu malaman a tsakiyar zango saƙon ya same su, ɗalibai suna tsaka da aiki.